Jifan Tasalla na Ashirin da Huɗu

A wani daji da ke tsakanin kogi da duwatsu, akwai wani wasa da ya shiga ran dabbobi har ya fi musu zancen damina daɗi. Kurket ake kiransa. Babu wanda ya san takamaimai wanda ya kawo shi, amma kowa ya san dokokinsa, ko kuma dai kowa yana cewa ya sani. Ana kafa sanduna uku a ƙarshen wani dogon daɓe da ke tsakiyar fili. Mai bugu ya tsaya a gabansu da faffaɗan katako yana tsaronsu, mai jifa kuma ya jefo ƙwallo daga ɗaya ƙarshen. In mai bugu ya maka ta ta yi nisa, ya ci maki. In ta wuce shi ta kayar da sandunan, ya fita ke nan, sai wani ya shigo. Jifa shida su ne zagaye ɗaya. A da, wasa guda kwana biyar yake ci, a fara da hantsi, a huta da azahar, a koma da la'asar, kuma ba a taɓa jin wanda jira ya kashe ba.

A ƙungiyar Gindin Kuka akwai wata hawainiya mai suna Tasalla, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana yi musu jifa. Jifanta ba shi da wani ƙarfi, ko ɗan tsako zai iya tare shi. Sirrinta a ƙasa yake. Tun ranar farko takan zaɓi wuri guda a kan daɓen, wanda bai fi tafin ƙafar zomo ba, ta yi ta sauke ƙwallo a nan. Kwana uku cur masu bugu suna cin maki a kanta suna washe baki. A rana ta huɗu wurin ya farfashe ya zama gari. Sai ta murza ƙwallon da yatsunta, ta sauka a wurin, ta karkace kamar an kira ta daga gefe, ta bi ta bayan katako ta kwashe sandunan. Wannan ita ce sana'arta, ba ta da wata. Ba ta iya gudu ba, ba ta iya bugu ba, kuma ba ta taɓa yi wa kowa ƙaryar ta iya ba.

To, dajin yana da gidan talabijin guda, da kyamara guda, wadda aka rataya a wuyan Raƙumin Dawa saboda tsawonsa. Abin da kyamarar ta ɗauka shi ake gani a gidan kallo da ke ƙarƙashin wata babbar tsamiya. Tun da aka buɗe gidan kallon, dabbobi suka daina zuwa fili. A fili akwai rana, akwai ƙuda, kuma ba a jin mai sharhi. A gidan kallo kuwa ga inuwa, ga mai gyaɗa, ga wanda za ka yi musu da shi a dama da hagu.

Mai sharhin wancan zamanin wani tsohon gauraka ne, Malam Jatau. Shi mutum ne mai rowar magana. Yana iya cewa, "Ku dubi inda Tasalla take sauke ta," sai ya yi shiru har a sauko daga azahar. Wanda ya dubi wurin ya ƙaru, wanda bai duba ba ya yi gyangyaɗi. Yawancin 'yan kallo gyangyaɗin suke yi.

Shugaban ƙungiyar 'yan kallo wani ƙaton kwaɗo ne, Nomau. Bai taɓa riƙe katako ba, ƙafarsa ba ta taɓa taka filin ba, amma in ya buɗe maƙogwaro a kan kurket sai ka rantse shi ya haifi wasan. Shi ya jagoranci tawaga zuwa Majalisar Kurket, wadda Alhaji Dorina yake shugabanta. Alhaji Dorina yana da ɗabi'a guda da yake taƙama da ita: koke ba ya kwana a gabansa ba tare da ya zama doka ba.

Nomau ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ne masu wasan nan. 'Yan wasa su ashirin da biyu ne, mu kuwa ba mu ƙirguwa. Muna barin aikinmu mu zo mu zauna, mu zuba wa akwati ido, sai mu ji shiru kamar ana zaman makoki. Jiya na ƙirga da kaina, kalma goma sha tara Malam Jatau ya faɗa tun daga hantsi har la'asar, uku daga ciki kuma tari ne. Ba mu ce ba shi da ilimi ba. Amma ilimin da ba a ji ba, da me za mu yi musu a kansa in mun koma gida? Muna son mai sharhin da zai riƙa gaya mana abin da muke gani."

Kafin rana ta faɗi an sallami Malam Jatau da takardar yabo. Aka kawo Ɗanliti Aku da abokinsa Hankaka. Su kam Allah ya hore musu baki. Sai dai tun kafin azahar ɗin ranar farko suka ƙarar da duk abin da suka sani game da kurket, ga kuma kwana huɗu da rabi a gabansu. Suka koma kan ƙahon wane, da abin da wane ya karya kumallo da shi, da dalilin da ya sa matar wane ta daina gaishe da matar wane. Nomau ya sake kwasar tawaga, ya ce masu sharhi sun cika su da surutun banza.

Wani shugaban da sai ya ce masu sharhi su rage baki. Alhaji Dorina ya fi haka zurfin tunani. Ya ce laifin ba na masu sharhi ba ne, wasan ne ya fi maganarsu tsawo, don haka a rage wasan ya yi daidai da maganar. Aka mayar da kwana biyar wuni guda. Da aka ga har yanzu Ɗanliti yana kamewa da la'asar, aka mayar da shi zagaye ashirin ga kowace ƙungiya, kuma kada mai jifa guda ya wuce zagaye huɗu. Da 'yan kallo suka ce sun fi son jin ihun da Ɗanliti yake yi in ƙwallo ta haye iyakar fili, aka jawo igiyar iyakar ciki don ihun ya yawaita. Da suka ce Hankaka yana hamma tsakanin jifa da jifa, aka ce alƙalin wasa ya riƙa ƙirga goma, mai jifan da bai saki ƙwallo ba kafin goman an ci shi tarar maki. Da suka ce masu sharhi suna yabon 'yan wasan da ba su cancanta ba, aka ce daga yanzu 'yan kallo ne za su zaɓi waɗanda za su buga kaka mai zuwa, ta hanyar ɗaga hannu a gindin tsamiya. Na ƙarshe, da suka ce zagin wanda ba ka ganin fuskarsa ba ya gamsarwa, aka yi doka cewa duk lokacin da masu sharhi suka saɓa wa juna, Raƙumin Dawa ya juya kyamara kansu, su kuma su juyo su fuskance ta har su gama.

Abin mamaki, ko kuma ba abin mamaki ba, kowace doka aka yi sai ƙorafi ya ƙaru, kuma gidan kallo ya ƙara cika. Dabbobin da ba su san sanduna nawa ake kafawa ba suka fara zuwa don su ji abin da Ɗanliti zai kwaɓa yau, su samu na zagi.

Tasalla kuwa tana ganin abincinta yana zubewa a ƙasa. Jifa ashirin da huɗu kacal ya rage mata a kowane wasa, ita da take buƙatar kwana uku. Duk kakar nan ba ta fitar da mai bugu ko guda ba. Wasa ɗaya ya rage, da ƙungiyar Bakin Kogi, washegarinsa kuma a ɗaga hannu. Ta san in aka cire ta, ba za ta sake dawowa ba. Tsoro ya kama ta sosai, ga kuma baƙin cikin da ta rasa wanda za ta gaya wa. Ta kama hanyar Majalisa, tafiyar da ta ci mata wuni guda.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba mai yawan magana ba ce, ka yi haƙuri da ni. Aikina ba a jifa ɗaya yake ba. Jifan da ake gani na fitar da mai bugu, ɗari biyu ne suka share masa hanya. Kamar mai daka ce, ba bugun ƙarshe ne ya mayar da gero gari ba. Kun rage kwanaki, na yi shiru. Kun jawo igiya, na yi shiru. Ban zo in ce a mayar da kwana biyar ba, na san wannan ya wuce. Roƙona guda ne. A bar mai jifa irina ta yi zagaye takwas maimakon huɗu. In na kasa da takwas, ni da kaina zan ajiye ƙwallon."

Alhaji Dorina ya saurare ta da idanu a lumshe, alamar girmamawa ce ko barci, Allah masani. Da ta gama ya ce, "Tasalla, kin yi magana mai ma'ana, kuma Majalisa tana alfahari da ke. Sai dai kin san tsarinmu. Wannan Majalisa koken 'yan kallo take saurara. Ke kuwa 'yar wasa ce. Da a ce kina zaune a gindin tsamiya kina kallo, da yau ɗin nan maganarki ta zama doka. Amma kina cikin fili, kuma wanda yake cikin fili ba ya ganin wasa yadda ya kamata, ya yi kusa da shi da yawa. Shawarata, ki burge 'yan kallo ranar Asabar. In sun ɗaga miki hannu, ni mai sa hannu ne kawai."

A hanyar komawa ta biya ta bakin kogi, inda Malam Jatau yake kiwon kansa tun da aka sallame shi. Ta gaya masa yadda suka yi. Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce, "Bazara ce yanzu. Daɓen ya bushe har ƙasa, kwana arba'in bai ga ruwa ba. Jifa ashirin da uku za su iya fasa shi, in duk sun sauka wuri guda. In ɗaya ya kauce, shi ke nan."

Ta ce, "Malam, za su ci maki a kaina kamar ba gobe."

Ya ce, "Za su ci."

Ta yi masa sallama ta tafi, kuma ta ji zuciyarta ta ɗan yi sanyi.

Ranar Asabar rana ta fito da zafinta. Gindin Kuka suka fara bugu, suka tara makin da ba laifi. Da Bakin Kogi suka karɓi katako, sai Mantau Ɓauna ya shigo, wanda duk dajin ba mai bugu kamarsa. Shekara biyu rabon da a kayar da sandunansa. Kyaftin ɗin Gindin Kuka, wata matashiyar barewa, ta zo wajen Tasalla da ƙwallo a hannu tana jan ƙafa.

Ta ce, "Goggo, ba sai kin yi jifa yau ba. Zan iya ajiye ki can wajen igiya, ba wanda zai ga laifinki. Ɓauna ne fa."

Tasalla ta ce, "Ba ni zagayena huɗu, duk daga ɓangaren kuka. Kome kika gani, kada ki canja ni."

Barewa ta miƙa mata ƙwallon ta kau da kai.

Tasalla ta tsaya ta dubi daɓen da ido ɗaya, ɗayan kuma yana kan Ɓauna. Ta zaɓi wurinta, taku biyu a gabansa, ɗan gefen dama. Jimina, alƙalin wasa, ta fara ƙirga. A kan bakwai Tasalla ta saki jifan farko. Ya sauka daidai inda take so. Ɓauna ya ɗauke shi ya aika da shi bayan igiya ba tare da ya ko motsa ƙafa ba.

Ɗanliti ya kwarma ihunsa, gidan kallo ya ɗauka. Ya ce, "Jama'a, wannan ba jifa ba ne, sadaka ce. Tasalla ta zo rabon maki, mai buƙata ya kawo ƙwarya."

Hankaka ya ce, "Gaskiyarka. Ni da ina da kaka mai irin wannan jifan, da na roƙe ta ta zauna a gida."

Haka aka yi ta yi. Na biyu ya sauka a wurin, na uku, na shida. Ɓauna yana maka su gabas da yamma. A zagaye na biyu wata ƙwallon sai da aka nemo ta a cikin kogi. A gindin tsamiya Nomau yana dariya har yana riƙe ciki, yana gaya wa na kusa da shi cewa tun shekara biyar da suka wuce ya faɗa, hawainiya ba ta da abin yi a kurket. Tasalla ba ta jin su, amma ta san abin da ake faɗa, ai ba yau ta fara ba. Kunya tana cin ta. 'Yan ƙungiyarta sun daina haɗa ido da ita. Yatsunta sun yi zafi, jikinta ya rine ya koma launin toka don gajiya. Duk da haka ba jifa guda da ya kauce.

A na goma sha tara ta ga wurin ya fara dusashewa. A na ashirin da ɗaya ta ga tsaga siririya. A na ashirin da uku ƙwallon ta sauka, wata 'yar ƙura ta tashi, kuma Ɓauna, karo na farko, ya buge ta da gefen katako. Ya dubi katakon da mamaki, sannan ya gyara tsayuwa. Murna ta kama Tasalla. Wurin ya nuna.

A daidai lokacin ne Ɗanliti ya ce, "Ina mai tabbatar muku, tun da aka kafa dajin nan ba a taɓa jifa mafi muni kamar na yau ba."

Hankaka ya ce, "A'a, a nan kam ban yarda ba. Na biyu ne a muni. Ka manta da jifan da Damo ya yi, shekarar da kogi ya cika?"

"Damo ya fi wannan sau goma."

"Wallahi bai fi ba."

Doka kuwa doka ce. Raƙumin Dawa ya fara juya dogon wuyansa, kyamara ta bar fili ta nufi rumfar masu sharhi. Su kuma suka juya wa fili baya, suka gyara fuka-fuki, suka fuskance ta.

Tasalla ta ga wuyan yana juyawa. Da ido ɗaya take binsa, ɗayan yana kan tsagar. Ta ji Jimina ta ce ɗaya, biyu. Ta yi tunanin ta tsaya har su gama. Amma musun Damo tsohon musu ne, an taɓa yin rabin wuni a kansa, ita kuma goma kawai gare ta. In ta wuce goma, jifan ya lalace, an ci ta tara. Huɗu, biyar. Ta dubi Barewa, Barewa ta ɗaga kafaɗa. Bakwai. Tasalla ta ce bismillahi, ta murza ƙwallon da duk abin da ya rage a yatsunta, ta sake ta a kan tara.

Ƙwallon ta tafi a hankali kamar 'yan uwanta ashirin da uku. Ɓauna ya tako gaba ya ɗaga katako don ya aika da ita kogi. Ta sauka a cikin garin ƙasar, ta tsaya kamar mai shawara, sannan ta karya hagu. Katakon ya sari iska. Ta bi ta bayan ƙafarsa ta daki sandar tsakiya, sandar ta tuge ta kwanta.

Jimina ta ɗaga fiffike, alamar mai bugu ya fita. Ɓauna ya juya ya dubi sandunan, ya dubi daɓen, ya dubi Tasalla. Da zai wuce ta kusa da ita ya rage murya ya ce, "Tun yaushe kike haƙa mini wannan ramin?"

Ta ce, "Tun jifan farko."

Ya girgiza kai ya ce, "Ban taɓa ganin irinsa ba." Ya wuce, kansa a sunkuye. 'Yan Gindin Kuka suka rugo suka ɗaga ta sama, Barewa tana hawaye. Tasalla ba ta taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ba ta ɓoye ba.

Sai da aka sauke ta, aka sake kafa sandunan, sannan masu sharhi suka amince cewa Damo da Tasalla kunnen doki suke. Kyamara ta dawo fili. Abin da gidan kallo ya gani shi ne Ɓauna yana fita a sunkuye, sanduna uku kuma suna tsaye lafiya lau.

Ɗanliti bai taɓa barin rashin sani ya hana shi magana ba. Ya ce, "To, jama'a, ga Mantau Ɓauna yana barin fili. Ku dubi yadda ya sunkuya. Wannan ciwon ciki ne, ba tantama. Tun da safe na lura da yadda yake tafiya."

Hankaka ya ce, "Ni ma na lura." Tun da ba su saɓa ba, kyamara ba ta motsa ba, magana ta zauna.

Gindin Kuka suka ci wasan, don bayan fitar Ɓauna sauran ba su daɗe ba. Da aka tashi, Ɗanliti ya tare Ɓauna a gaban kyamara ya tambaye shi jikin. Tasalla tana gefe tana jira, ta tabbata yanzu gaskiya za ta fito. Ɓauna ya dubi kyamarar. Ya tuna gobe shi ma za a ɗaga masa hannu, ya kuma auna wanne ya fi sauƙin ɗauka, ciwon ciki ko hawainiya. Ya dafa cikinsa ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ina jin ciyawar jiya ce. Ina godiya ga masoyana da suka yi mini addu'a." Bai dubi inda take ba.

Ta je wajen Jimina ta roƙe ta ta faɗi abin da ta gani. Jimina ta ce, "Aikina in ɗaga fiffike, na kuma ɗaga. Dalilin ɗagawar sharhi ne, sharhi kuma akwai masu shi. Ba na shiga aikin wani."

Ta koma wajen Barewa. Barewa ta ce, "Goggo, mun gani, wallahi mun gani, kuma har in mutu ba zan manta ba. Amma mu 'yan wasa ne. Wa zai tambaye mu?"

Washegari da hantsi aka taru a gindin tsamiya. Alhaji Dorina yana kan kujera, Nomau yana kiran sunaye. Da aka zo kan Tasalla, ta nemi izinin magana, aka ba ta don a yi nishaɗi.

Ta ce, "Jama'a, Ɓauna ba ciwon ciki ya fitar da shi ba. Ni na fitar da shi, da jifana na ƙarshe, lokacin da kyamara take kan masu sharhi. Ban ce ku yarda da bakina ba. Shaidata tana can a kan daɓe. Akwai rami, taku biyu a gaban sanduna, wanda na haƙa da jifa ashirin da uku. Filin nan ba nisa gare shi ba, ni ma da nake hawainiya ina zuwa. Ku zo ku gani da idonku, sannan ku ɗaga hannu ko ku bari."

Nomau ya bari dariya ta lafa, sannan ya ce, "Baiwar Allah, kowa a nan ya san ba mai ƙin Ɗanliti kamar ni. Sau shida ina kai ƙararsa. Maƙaryaci ne, bai san kurket ba, muryarsa kuma kamar ana jan kwano a kan dutse. Amma jiya da kunnena na ji ya ce ciwon ciki ne, Hankaka ya yarda, mai cikin ma ya yarda. Jifanki ashirin da uku mun gan su, kowanne ya haye igiya ko ya kusa. Yanzu kina so mu bar waɗanda muka gani mu kama wanda ba mu gani ba? Shekara goma sha biyar ina kallon kurket ban taɓa zuwa fili ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Me zan gani a can wanda ba a riga an gaya mini ba?"

Aka tafa masa. Aka ce masu son Tasalla ta ci gaba su ɗaga hannu. Hannu guda ya tashi a can baya, na wani biri, daga baya aka gane ƙuda yake kora. Tasalla ta tsaya tana kallonsu, idanunta biyu a wuri guda. Ba ta yi kuka a nan ba, sai da ta bar wurin.

Amma kafin ta juya, Alhaji Dorina ya buɗe ido ya ce, "Dakata. Kin ce akwai rami a kan daɓe?"

Ta ce, "Akwai, ranka ya daɗe." Wani ɗan fata ya motsa a ranta, ta zaci zai aika a duba.

Ya ce, "Nomau, kun ji? Rami a daɓen da manyan 'yan wasanmu suke tsayawa. Da Ɓauna ya taka shi ga ciwon ciki, ai da abin ya zama biyu."

Nomau ya ce, "Wannan sakaci ne, ranka ya daɗe, kuma a madadin 'yan kallo ina kai koke."

Tun da yanzu koken ya fito daga bakin da ya dace, bai kwana ba. Kafin la'asar an yi doka cewa a shafe daɓen da siminti daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yadda ba mai jifan da zai sake fasa shi, ko da zai shekara yana jifa. Ranar Talata aka kawo magina. Tasalla ta hau reshen kuka tana kallo har suka zo kan wurin, wani ya zuba cokali guda na kwaɓi, ya shafe.

A ƙasan takardar dokar an rubuta godiya ta musamman ga tsohuwar 'yar wasa Tasalla, wadda ta jawo hankalin Majalisa ga matsalar.